Dardumar kwana bakwai ƙarya ce

A wannan makon na zo da faɗa, kuma abokan faɗan nawa su ne masu tallar "irin darduma" a intanet.

Kun san bidiyon. A barbaɗa iri a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin akwatin kifi na gilashi, a rufe da leda, bayan kwana bakwai ƙasa ta yi kore shar, a cika ruwa, a saki kifi. Ni ma na faɗa tarkon. Na saya, na shuka, ya tsiro kamar yadda aka nuna. Bayan 'yan makonni wani ya miƙe zangal-zangal, sauran ya ruɓe, ruwa ya yi wari, na kwashe gawar kifayena da ludayi. Araha ba ta ado.

Dalili kuwa a fili yake. Irin nan idan ya tsiro, ganyensa na fari ƙanana ne, shi ya sa dubunsu a wuri ɗaya suke kama da darduma. Jarirai ne aka ɗauki hotonsu aka ce wadanni ne. In na tudu ne, ruwa ya kashe su. In na ruwa ne mai tsayi, ya koma halinsa. Tsirran da suke shimfiɗa na gaskiya da yaɗo suke bazuwa, kuma da dashe ake sayar da su: Monte Carlo, da Glossostigma ta Ostireliya da New Zealand, da Hemianthus callitrichoides ta ƙasar Kuba mai ganye kamar ƙwayar gero.

Ku dubi aikin Takashi Amano, mutumin Japan da ya rasu a 2015, wanda ya fito da salon Iwagumi, wato 'yan duwatsu da shimfiɗar ciyawa kawai. Abin da ido yake gani mai sauƙi ne, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙasa mai taki, da fitila mai ƙarfi, da tulun iskar kabon. Riccia, wadda ba ta da saiwa, ɗaure ta yake yi a jikin dutse da zare. Ita kuwa Monte Carlo a gindin dutse ake dasa ta da hantsaki, ƙulli-ƙulli, ta kafa saiwa a ƙasa tukuna, sannan ta hau dutsen da kanta. Mai son farawa ba ruwa zai rufe da leda yana fesawa mako huɗu zuwa shida. Bayan ta cika ma sai almakashi, domin in ta yi kauri, haske ba ya kai wa ƙasanta, sai ta ruɓe daga ciki ta taso gaba ɗaya kamar tabarma.

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, ko wata guda ya yi ya more. Ban yarda ba. Na farko, kifi rai gare shi, kuma ruɓaɓɓen tsiro amoniya yake saki, ita kuwa guba ce a gare shi. Na biyu, sabon shiga da abin ya lalace masa ba ya zargin mai iri, kansa yake zargi. Sai ya ce hannunsa ne ba kyau, ya mayar da akwatin ma'ajiyar takardu. An cuce shi kuɗi, an kuma raba shi da sha'awarsa.

Gaskiyar da mai talla ba zai faɗa maka ba ita ce, darduma ba ta kowa ba ce. In wutarku ba ta zama awa shida zuwa takwas a kullum, in ɗakinka yana tafasa a watan Afrilu, ta Kuba za ta narke maka. Fara da Monte Carlo, ta fi juriya. In ita ma ta ƙi, ɗaura Anubias a dutse ka bar yashinka fili, ba abin kunya ba ne.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Wanda kuma ya shuka irin nan ya ga dardumarsa ta shekara a cikin ruwa, ya kawo mana hoto, zan janye maganata a gaban kowa.