RA'AYINMU: SHER SHAH DA MAZAJENMU NA BAMA

'Yan'uwanmu mazauna Ikko, ku da kuke wucewa ta gaban barikin Arakan a Apapa, ko na Myohaung a Yaba, kun taɓa tambayar asalin sunayen nan? Wurare ne a ƙasar Bama, inda kakanninmu suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

A can, a kwarin Kaladan, daren 19 ga Janairu 1945, sojojin Japan suka auka wa rukunin wani sojan Indiya mai igiya ɗaya, sunansa Sher Shah. Sai ya rarrafa shi kaɗai ya shiga tsakiyarsu yana harbi, har suka watse. Suka sake dawowa, ya sake yi musu haka. Aka ragargaza masa ƙafa, amma ya ƙi barin wurin. A karo na uku harsashi ya same shi a ka. Shekarunsa 27. Ingila ta ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka da babu ta sama da ita, bayan ransa. Ya cancanta, babu ja.

To, amma a kwarin nan Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma take yaƙi, har da Bataliya ta 4 ta Nijeriya. Ruwan da ya doki Sher Shah shi ya doke su. Duk da haka ko mutum ɗaya daga cikin sojojin Afirka ta Yamma bai sami wannan lamba a Bama ba. Sai ɗaiɗaiku ake tunawa, irin su Chari Maigumeri ɗan Barno, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa.

Laifin Bature ya wuce. Namu fa? A nan Potiskum 'yan Bama sun kusa ƙarewa, kowa ya rasu sai ya tafi da labarinsa. Ran 15 ga Janairu a yi fareti, a ajiye furanni, a watse, ba a kira sunan kowa ba.

Muna roƙon fadar Sarkin Fika da ta Sarkin Potiskum su sa dagatai su bi gida gida su rubuta sunayen waɗanda suka tafi, da waɗanda ba su dawo ba. Ku kuma da ke Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan, idan kun zo Salla gida, ku buɗe tsohuwar adakar nan. Lamba ko takardar sallama, duk wanda ya samu ya kai wa dagacinsa a rubuta.