Ƙurajen Balaga da Man Shafawa a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Haɗeja ya san yadda zufa kan haɗu da ƙura su lulluɓe fuska tun kafin azahar. A irin wannan lokaci ƙurajen balaga kan addabi samari da 'yan mata, sai ka ji manya suna ɗora laifin a kan cin gyaɗa ko ƙazanta. Alhali kuwa balaga ce kan sa fata ta yawaita maiƙo, maiƙon ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su sami mafaka, ƙurji ya taso.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake nema. Da dama daga mayukan da ake tallatawa a kasuwanninmu da sunan maganin ƙuraje man bilicin ne kawai. Wasu na ɗauke da siteroyid, wanda kan kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, daga bisani ya sirantar da fata, ƙuraje su dawo fiye da da. Wasu ma har da zaiba a ciki, mai lahanta ƙoda.

A nawa ganin, a wanke fuska safe da yamma da sabulu mara kaifi, ban da dirza da soso. A bar matsa ƙurji, ko da hannu na ƙaiƙayi, domin baƙin tabon da kan biyo baya ya fi ƙurjin daɗewa. Maganin asibiti kansa kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Wanda nasa suka yi tsanani, suna ɗurar ruwa, ya nufi Babban Asibitin Haɗeja.