Jarumin fim ya rama, amma wa ya naɗa shi alƙali?



Kwanakin baya ina karantar da ƙissar Annabi Yusuf (AS) a Islamiyyarmu ta nan Maigatari, na zo inda Annabi Yakubu ya rasa ɗansa, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma ya kai kukansa ga Allah. Sai wani yaro ɗan shekara 11 ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, me ya sa bai rama ba? Da Jaki Chan ne da duk ya gama da su." Aji ya ɗauki dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Fim ɗin da yake nufi shi ne The Foreigner na 2017, inda bam ya kashe wa wani dattijo 'yarsa a Landan, ya bazama farautar waɗanda suka dasa shi. Irin wannan labari ya daɗe. Tun 1974 Amurkawa suka yi Death Wish, 'yan Indiya ma sun yi irinsa ba adadi. Da sai wanda ya ji Turanci ko Indiyanci ke fahimta. Yanzu kuwa an fassara da yawansu da Hausa, ana tura wa yara a waya da kuɗi kaɗan. Darasin kullum ɗaya ne: hukuma ta gaza, saboda haka wanda aka ɓata wa shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne hauni.

Musulunci bai raina zafin uban da aka kashe wa ɗa ba. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta ba waliyyi haƙƙin ƙisasi, ta buɗe masa ƙofar diyya da yafiya. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i kuma ta hana shi wuce iyaka. Malamai sun haɗu a kan cewa shugaba da alƙali ne ke tabbatar da laifi da shaidu kafin a zartar. A Hajjin Bankwana, Manzon Allah (SAW) ya soke jinainan gabar jahiliyya, ya fara da jinin danginsa.

A fim jarumi ba ya kuskuren mutum, domin marubuci ya riga ya nuna mana mai laifi. A zahiri fa? A watan Maris na 2025 'yan banga da mutanen gari a Uromi ta jihar Edo suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar zuwa gida yin Sallah, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Su ma gani suke adalci suke yi. Ga marayu nan an bari.

Don haka 'yar uwa, ƙwace waya kaɗai ba ta isa, zai je gidan maƙwabta ya ƙarasa. Ki zauna ki ji labarin daga bakinsa, sannan ki tambaye shi: su waɗanda jarumin ya kashe a hanya ba su da iyaye ne? Mu ma mu gyara harshenmu. Uwar da ke ce wa ɗanta "kada ka shigo min gida sai ka rama" ta riga fim koyar da darasin.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.