Jirgin cikin gari na Kano: wa zai fara ɗauka?

1/ Duk sanda aka sako hoton jirgin cikin gari na Kano, wannan mai ƙyalli da aka zana a kwamfuta, sai mu rabu biyu: masu tafi da masu cewa "ai ƙarya ce, zaɓe ne ya matso". Ni tambayata daban ce: ta ina zai bi, kuma wa zai ɗauka? Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ga waɗanda suke firamare a lokacin: a 2016 gwamnatin Ganduje ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Chaina kan layuka 4, kusan kilomita 74, a kan dala biliyan 1.85. A 2020 aka taso da zancen ciyo bashin yuro miliyan 684. Dattawan Kano, marigayi Bashir Tofa a gaba, suka ce ba su yarda ba. Har yau ko ƙusa ɗaya ba mu hau ba.

3/ A 2025 zancen ya dawo, wannan karon daga Abuja. To madalla. Ni fa ina son jirgin nan, kar wani ya zo min da "ɗan adawa ne". Garin da ya hana acaɓa tun 2013 ya jingina rayuwar miliyoyin mutane a kan adaidaita sahu ai dole ya nemi mafita. Kun tuna yajin aikin 'yan adaidaita a Janairun 2022? Gari ya tsaya cak, kowa ya koma sayyada.

4/ Yanzu ku buɗe taswira a wayarku. Ku nemo Chalawa. Ku nemo Sharaɗa. Ku nemo Bompai. Me ya haɗa su? Layin dogo. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ta kudu yake shigowa, ya wuce ta Chalawa da Sharaɗa ya zo tasha. Daga nan reshen Nguru ya fita gabas ta wajen Bompai ya nufi Jogana.

5/ Ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Masana'antun ne suka bi dogo suka zauna, saboda a da shi ke kawo kaya ya kwashi kaya: gyaɗa, fata, auduga. Wato hanyar da ta ratsa wuraren aiki mafi girma a Kano tana nan a shimfiɗe sama da shekara 100, ciyawa da bola na cinye ta, mu kuma muna ta zanen sababbin layuka a takarda.

6/ Ku yi tunanin yaron da ke zaune a Dakata ko Tudun Murtala, aikinsa a kamfanin roba ko majemar fata a Chalawa. Hawa nawa zai yi kafin ya isa? Biyu, wani lokacin uku. Haka dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ke fara cin albashinsa kafin cefane ya samu. In aikin dare ya tashi, sai ya tsaya bakin titi yana addu'a. Wannan yaron shi ne fasinjan jirgi na gaskiya, kullum sau biyu, kwana shida a mako. Ba oga mai Prado ba, shi wallahi ko kyauta ne sau ɗaya zai hau ya ɗau hoto.

7/ "Kai malam, tsohon layi kuma? Mu na zamani muke so." To ku ji yadda Alƙahira ta yi. Layinta na farko, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko irinsa a Afirka. Tsofaffin layuka biyu na bayan gari suka gyara, na Helwan a kudu da na El Marg a arewa, suka haƙa ramin 'yan kilomitoci a tsakiyar birni suka haɗe su. Helwan kuwa garin masana'antu ne, can kamfanin ƙarfensu yake. Sai da wannan ya tsaya da ƙafarsa suka ƙara na biyu da na uku.

8/ Ko a gida, jan layin Legas da ya fara aiki a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, hanyar jirgin tarayya ya bi. Shuɗin layin kuwa, da aka gina sabo fil da gadojinsa, ya haura shekara 10 ana abu ɗaya kafin kilomita 13 na farko su ɗau fasinja a Satumbar 2023.

9/ Sai Abuja, darasin da ba a son faɗa. An buɗe a 2018, aka sa tashoshi nesa da inda mutane suke kwana, wasu ko titin kirki babu zuwa wajensu. Korona ta zo a 2020 aka rufe, sai 2024 aka sake yanka ƙyalle. Bashin kuwa bai tafi hutun korona ba.

10/ Na san tsohon layinmu siriri ne, guda ɗaya ne, kuma na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne. Ba cewa nake a ɗora tarago gobe ba. Filin nake nufi. A cikin gari abin da ke cin kuɗi da shekaru shi ne samun hanya: rusau, diyya, shari'a. Nan akwai hanya. A ninka layin, a yi katanga, a yi gadoji a mararraba, a zauna da masu kasa kaya a gefen dogo a sama musu wuri kafin buldoza ta zo. Kuma tun Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi na da ikon yin nasu jirgin. Uzurin "ai na tarayya ne" ya ragu ƙwarai.

11/ Ga wata kuma: wuta. Jirgin lantarki a garin da masana'antu ke rufewa saboda kuɗin dizal? Tashar hasken rana da aka buɗe a Chalawa a 2023 megawat 10 ce. Bututun gas na AKK shekara nawa muna jin "ya kusa". Duk wanda ya nuna min hoton jirgi bai nuna min inda wutarsa za ta fito ba, fosta ya nuna min. Ku tambayi mutanen Adis Ababa: an buɗe nasu a 2015, bayan 'yan shekaru jirage da yawa suka kwanta don rashin kayan gyara.

12/ Sannan sabon layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi suna tafe, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki, a ɓangaren kudun nan. Wanda ya sauko daga Kaduna da me zai shiga gari? Adaidaita dai?

13/ Don haka in ɗan majalisarku ya sako hoton nan, kar ku tsaya a "Allah ya ƙara lafiya ranka ya daɗe". Ku ce ya sako taswirar layin farko da sunan kowace tasha. Ku ce ya faɗi nawa ne bashin, wa zai biya, shekara nawa. Ku tambaye shi nawa ne tikiti daga Dakata zuwa Chalawa, kuma ƙarfe nawa jirgin ƙarshe zai tashi, don masu tashi aiki goman dare su san matsayinsu.