Filin Mata: Taya Ita Ce Takalmin Mota

Wata za ta ce ina ruwan mace da taya? To, ai mu ne a kujerar baya, da goyo da kwanuka. Da bazarar bara muna kan hanyar Isa daga Sabon Birni tayarmu ta fashe, rana ta yi gora. Kun dai san zamanin nan ba a son tsayawa a daji. Da mai faci ya duba, sai ya ce tayar ƙanƙara ce ta Turai, zafinmu ya cinye ta.

Dalili ke nan nake so ku faɗa wa maigida, cikin ladabi, ya sayi taya daidai da irin tuƙinsa. Wanda kullum yana kan kwalta zuwa Sakkwato ta Goronyo, ga gudu, ya nemi mai jure zafi. A gefen taya akwai harafin zafi, A ko B ko C, kuma A ta fi juriya. Wanda ke ratsa rairayi da taɓon damina zuwa ƙauyuka, ya nemi mai zurfin zane. Mai lodin buhunan gero zuwa kasuwa kuwa, ya dubi lambar nauyi: 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615, ba ƙari.

Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa a Nijeriya a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, har da na gwanjo. Saboda haka a dubi shekarun taya. Akwai lambobi huɗu a gefenta: 2322 na nufin mako na 23, shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Mai hoton dutse da ƙanƙara kuwa, a bar wa Turawa kayansu. Araha ba ta ado.

Ku 'yan makaranta, ga aikin gida. Ku duƙa ku karanta wa Baba lambobin nan, ku ga amfanin lissafi. Ke kuma uwargida, in kin ga taya ta suɗe ko ta yi ƙulu, kada kunya ta hana ki magana kafin a tashi.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.