Na'urar Da Ba Ta San Maigatari Ba

A 2019 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a kashe naira biliyan 52 don tsaron iyakoki da na'urori. Kafin mu tafa, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, tilas ne mu yi tambaya.

Dabarar da masana ke yayi ita ce a haɗa rahoton kyamara da na ma'aunin zafi da na ma'aunin motsi, kwamfuta ta tace, ta ce wane tafiya yake, wane gudu. To, wa ya koya mata? Ɗaya daga cikin shahararrun kundayen da ake gwada irin wannan aiki a Genoa ta Italiya aka tattara shi, aka fitar a 2012: mutum 30 da waya ɗaure a ƙugu, ayyuka 6 kacal, wato tafiya, hawan bene, saukowa, zama, tsayuwa da kwanciya.

Ina makiyayin da ke koro raƙuma zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari? Ina mai jan guga a Sule Tankarkar? Ina mai sujada? Abin da ba a nuna wa na'ura ba, cusa shi take yi cikin abin da ta sani. In ta kira manomi ɗan fasa-ƙwauri, talakan da ya ɗanɗana rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 shi zai sake kwana a ciki.

Muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido su tattara kundinmu na gida, da yardar jama'ar Gumel. Kuma kada a tsare kowa bisa shaidar na'ura sai jami'i mai suna ya sa hannu.