Jinin Da Ya Kwanta Ƙarƙashin Farce: A Faɗa Mana Kuɗin, A Rubuta Mana Aikin

A ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, da wuya a sami gidan da ba a taɓa ganin baƙin farce ba. Kafinta ya kuskure ƙusa, guduma ta sauka a babban yatsa. Taɓarya ta danne yatsan yarinya a bakin turmi. Bijimi ya taka ƙafar ɗan tireda a kasuwar shanu ta Mai'adua, ko ƙofar mota ta datse hannun yaron mota a tasha. Kafin a jima farcen ya yi ja, ya koma baƙi, sa'an nan zogi ya tashi har ya hana barci.

Dalilin zogin shi ne jijiyoyin jini ƙanana sun fashe, jinin kuwa ya taru tsakanin farce da nama, ba shi da hanyar fita. Maganinsa a asibiti ba shi da wuya. Malamin asibiti zai wanke wurin, ya huda ɗan ƙaramin rami a bisa farcen da allura mai tsabta, jinin ya fito, zogin ya lafa nan take. Amma fa sai an je da wuri, watau cikin kwana ɗaya ko biyu, gama bayan haka jinin ya daskare, hudawar ba ta da amfani sosai. In tabon ƙarami ne kuma ba ya ciwo, akan bar shi ya fita da kansa yayin da farce ke tsiro. Farcen hannu yakan ɗauki kamar wata shida kafin ya sabunta, na ƙafa kuwa shekara guda ko fiye.

To, in aikin mai sauƙi ne haka, me zai hana mutum ya ƙona ƙusa a gida ya huda da kansa? Abin da zai hana shi ne, ba kullum ne matsalar take tsayawa a farce ba. Wani lokaci ƙashin kan yatsa ya tsage, sai hoton ƙashi zai nuna. Wani lokaci naman da ke ƙarƙashin farcen ya yage, yana bukatar ɗinki. Akwai batun allurar tetanus in ƙasa ko datti ya shiga raunin. Mai ciwon sukari kuwa, ƙaramin rauni a yatsan ƙafa yana iya kai shi ga yanke ƙafa. Har wa yau, baƙin tabon da ya fito ba tare da an buge ba, kuma ba ya tafiya da tsirowar farce, yana iya zama ciwon daji. Irinsa ne aka gano a yatsan ƙafar mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1977, ya kuma yi ajalinsa a 1981.

Mutanenmu da yawa sun san asibiti ya fi, amma duk da haka sukan zauna a gida, ko su tsaya a kemis. Ni a ganina tsoron kuɗi ne ya fi yawa a cikin dalilan, kuma ba yawan kuɗin kaɗai ba, har da rashin sanin nawa ne. Manomi yana iya sayar da kaza ya biya abin da aka faɗa masa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya shiga inda zai biya kati, ya biya safar hannu, ya biya auduga, ya biya wani abu da ba a ambata masa ba, a ƙarshe a miƙa masa ɗan guntun takarda mai ɗauke da jimla kawai. Wannan cinikin biri a sama ne. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fitowa, ba ƙaramar magana ba ce.

Bari mu duba yadda duniya ta tsara wannan al'amari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin da ya ba kowace cuta da kowane rauni lamba, ana kiransa ICD. A bugu na goma, wanda aka soma amfani da shi a 1994, bugewar yatsan hannu da ta taɓa farce ita ce S60.1, ta yatsan ƙafa kuwa S90.2. Bugu na goma sha ɗaya ya soma aiki a Janairun 2022. A Amurka kuma ƙungiyar likitoci tana da nata jerin, mai suna CPT, tun 1966, wanda ya ba kowane aikin likita lamba. Fitar da jinin ƙarƙashin farce shi ne 11740, cire farce kuwa 11730. Lamba ɗaya tana faɗin abin da ya sami mutum, ɗayar tana faɗin abin da aka yi masa, kuɗin kuma yana bin lambar.

Ba ina cewa mu kwaso tsarin Amurka ba ne, gama can ma jinya tana da tsada ƙwarai, kuma akan kama masu rubuta lambar babban aiki alhali ƙarami suka yi. Amma a lura, abin da aka rubuta ne ya sa aka kama su. Ƙaryar da aka sa a takarda ana iya bin sawunta, wadda aka faɗa da baki a bakin taga kuwa iska ta kwashe.

Mu ma ba mu rasa doka ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, a ciki har da haƙƙin a bayyana wa mutum kuɗin jinyarsa dalla-dalla. A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya. Jihar Katsina ita ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Inshora kuwa ba ta tafiya sai da rubutu, domin hukuma ba za ta biya asibiti kuɗin aikin da ba shi da suna ba. In mai inshora ya cancanci a rubuta aikinsa, mai biya daga aljihunsa ya fi cancanta.

Na san ma'aikatan asibitocinmu kaɗan ne, layi kuma dogo, wani zai ce ina lokacin rubuce-rubuce? Amsa ita ce, abin da muke roƙo bai wuce layi uku ba: abin da ya sami mutum, abin da aka yi masa, da kuɗin kowanne. Wannan yana kāre ma'aikaci mai gaskiya daga zargi, yana kuma taimakon likitan da zai duba mutumin nan gaba. Ban da haka, in aka tara rubutun shekara guda, hukuma za ta san ko a damina ko a kaka ne raunin yatsa ya fi yawa, ta tanadi allurar tetanus daidai bukata.

Saboda haka ina kira ga shugabannin asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani na masarautar Daura, na gwamnati da na kuɗi, su kafa allon farashi da Hausa a bakin ƙofa, har da ƙananan ayyuka irin su wanke rauni da huda farce. Kwamitocin lafiya na unguwanni su riƙa duba ko abin da ke allo shi ake karɓa. Kai kuma mai karatu, in guduma ta same ka, ɗaga hannun sama, sa ruwan sanyi, in zogi ya yi tsanani ka tafi asibiti a ranar. Ka tambayi kuɗin kafin a soma, ka karɓi rasidinka, ka adana. Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinka ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ƙarfafa hannun masu jinyarsu.